Baƙi da 'Yan Ƙasa a Ɗakunan Haihuwa na Ingila tun daga 1948

Ran 22 ga watan Yuni, 1948, wani jirgin ruwa mai suna Empire Windrush ya sauke fasinjojinsa a tashar Tilbury, kusa da Landan. Mutum wajen 800 daga cikinsu daga tsibiran Karibiyan suka fito, galibi daga Jamaika, sun zo neman aiki. Bayan kwana 13, watau ran 5 ga Yuli, aka buɗe Hukumar Lafiya ta Ƙasa, wadda Turawa ke taƙaita sunanta su ce NHS, bisa alkawarin cewa daga ran nan duk mai ciwo za a yi masa magani kyauta, duk mace mai ciki kuma za a duba ta, a karɓi haihuwarta, ba a tambaye ta ko anini ba. Nufin wannan takarda shi ne a bi sawun alkawarin nan, a ga yadda ya cika ga matan da aka haifa a ƙasar, da kuma yadda ya cika ga waɗanda suka zo daga waje.

Kafin a shiga magana ya kamata a warware wata 'yar rikitarwa ta rubutun boko. Abin da a ke rubutawa “baƙi” kalmomi biyu ne a bakin Bahaushe. Akwai jam'in baƙo, mai dogon wasali da karin sauti na ƙasa a gaɓar farko. Akwai kuma sunan launi, mai gajeren wasali da karin sama. Kunne ba ya ruɗewa, amma alƙalami ya haɗe su, tun da ya ke boko ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. A nan duk inda aka ce baƙi, waɗanda aka haifa a wata ƙasa a ke nufi. Inda a ke nufin launi za a ce baƙar fata. Mai karatu zai gani a gaba, hukumomin Ingila ma sun daɗe suna haɗe abubuwan nan biyu, su kuwa ba su da uzurin rubutu. Mutuwar haihuwa kuma, a lissafin likitoci, ita ce wadda ta sami mace tana da ciki, ko tana kan gwiwa, ko cikin kwana 42 bayan ta sauka, watau kusan daidai da arba'in ɗin jego na Hausawa.

Baƙin nan sun iso a kan gaɓa, domin haihuwa a Ingila ba da daɗewa ba ne ta daina zama abin tsoro. A farkon shekarun 1930, cikin kowace haihuwa 1,000 a Ingila da Wales mata fiye da 4 ke rasuwa, adadin kuwa bai sauka ba tun zamanin Sarauniya Biktoriya. A 1936 Dokta Leonard Colebrook ya gwada maganin nan Prontosil a kan zazzaɓin jego a asibitin Queen Charlotte na Landan, ya ci nasara. Sa'an nan ƙarin jini ya yaɗu, aka sami maganin tsai da zubar jini bayan haihuwa, fenisilin ya biyo baya. Kafin 1950 adadin ya faɗo ƙasa da mace ɗaya cikin 1,000. A kan takarda kuma baƙuwa ba ta da abin tsoro. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1948 ta mai da mutumin Jamaika da haifaffen Ikko 'yan ƙasa ɗaya da mutumin Landan, ko da ya ke mutanen Nijeriya ta Arewa an ba su wani matsayi dabam, na waɗanda Ingila ke karewa. Ministan Lafiya na lokacin, Aneurin Bevan, har mai wucewa ma bai yarda a karɓi kuɗinsa ba. Hujjarsa ita ce, in za a rarrabe baƙo da ɗan gari a ƙofar asibiti, tilas ɗan garin ma ya riƙa yawo da takardar shaida.

A 1952 aka kafa wani abu wanda Ingila ke alfahari da shi, kuma ya cancanci alfahari, watau Binciken Asiri kan mutuwar masu haihuwa. Duk macen da ta rasu, sai a tattara takardunta, a shafe sunanta da na asibitin, manyan likitoci su zauna su duba ko akwai abin da da an yi shi da ba ta mutu ba. Rahoto na farko ya fito a 1957, ya ƙunshi shekarun 1952 zuwa 1954, daga nan kuma aka yi shekaru da yawa ana fitar da wani duk shekara uku. An duba shekarun mace, da yawan haihuwarta, da cutar da ta kashe ta. Amma ba a iya cewa baƙi sun fi 'yan ƙasa mutuwa ko ba su fi ba, don babu wanda ya san yawan baƙin da suka haihu lafiya, balle a gwada da waɗanda suka mutu. Sai a watan Afrilu na 1969 aka fara rubuta ƙasar da aka haifi uwa a rajistar haihuwar ɗa. Launin fata da ƙabila kuwa, sai a 1995 aka wajabta wa asibitoci rubuta su. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ana karɓar haihuwar baƙi ba a ƙirga su ba.

Rashin ƙidaya bai hana surutu ba. A shekarun 1950 kashi ɗaya cikin uku na matan Ingila a gida su ke haihuwa, ungozomar gwamnati ta zo ta same su. Gadajen asibiti sun yi kaɗan. Kwamitin Cranbrook na 1959 ya ba da shawara a kai ga kashi 70 cikin 100 su haihu a asibiti, kowace ta kwana goma. Kafin a kai ga haka, gado sai ga mai haɗari a jikinta, ko wadda gidanta bai dace da haihuwa ba. To, baƙuwa daga Jamaika ko Fanjab, wadda masu gidajen haya da yawa suka ƙi, ta ƙare a ɗaki guda ita da miji da 'ya'ya a Brixton ko Notting Hill, murhu a kan matakala, makewayi ɗaya na gidan duka, ita ce ta cika sharaɗi na biyu. Aka ba ta gado bisa ƙa'ida. Maƙwabciyarta Baturiya da aka ce ta haihu a gida sai ta ga an ƙwace mata haƙƙi. Ran 20 ga Afrilu, 1968, Enoch Powell ya yi jawabinsa da ya yi suna a Birmingham, a cikin laifuffukan da ya jera wa baƙi har da cewa 'yan ƙasa sun rasa wa matansu gadon haihuwa.

Abin lura a nan shi ne, Powell ɗin nan shi ne Ministan Lafiya daga 1960 zuwa 1963, a zamaninsa kuwa ba a daina ɗebo likitoci da nas-nas daga ƙasashen waje ba. Tun 1949 a ke zuwa Karibiyan ana neman 'yan mata su zo koyon jiyya, da yawa daga cikinsu kuma aka karkata su zuwa ƙaramin kwas na shekara biyu, wanda ba ya kai mutum ga babban matsayi. Duk da haka waɗansu sun ɓulla. Kofoworola Abeni Pratt, 'yar Ikko, ta gama karatu a asibitin St Thomas a 1950, daga baya ta zama shugabar ma'aikatan jiyya ta Nijeriya. Daphne Steele, 'yar Guyana, ungozoma, ta zama shugabar asibitin St Winifred a Ilkley a 1964, ita ce baƙar fata ta farko da ta hau irin wannan kujera. Sau da yawa hannun da ya karɓi ɗan Baturiya a gadon da a ke rigima a kansa hannun baƙuwa ne.

Da rajistar 1969 ta tara shekaru, sai lissafi ya yiwu. A 1996 Ibison da abokan aikinsa, cikinsu har da Michael Marmot, suka buga sakamakon binciken mutuwar haihuwa a Ingila da Wales daga 1970 zuwa 1985, bisa ƙasar da aka haifi uwa. In aka gwada da haifaffun Ingila da Wales, haɗarin matan da aka haifa a Asiya ya ninka sau ɗaya da rabi da 'yan kai. Na matan Karibiyan ya wuce ninki huɗu da rabi. Na matan Afirka ta Yamma kuwa ya wuce ninki goma. Masu binciken sun ce, gwargwadon bayanin da ke hannunsu, yawan haihuwa ko irin sana'ar gida ba su isa su bayyana wannan rata ba.

Sai a riƙe jerin nan da kyau, domin ya saɓa wa bayanin da hukuma ta yi shekaru tana bayarwa. A ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980, in an yi maganar baƙi da haihuwa, matan Indiya da Pakistan da Bangaladash a ke nufi, abin da a ke faɗi kuwa ba ya wuce uku: ba su jin Turanci, ba su zuwa awon ciki da wuri, abincinsu da suturarsu ba su dace da ƙasar sanyi ba. Akwai gaskiya a ciki, musamman da ya ke jariran matan da aka haifa a Pakistan sun fi na kowa mutuwa a lokacin. Amma dubi yadda aka yi da ciwon laushin ƙashi, wanda rashin bitamin D ke kawowa, mai lanƙwasa ƙafafun yara, mai raunana ƙugun mace. Sa'ad da ciwon ya dami 'ya'yan talakawan Turawa, gwamnati ta sa doka a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu a zuba bitamin ɗin cikin man majarin, kowa ya ci ya warke bai sani ba. Da ya ɓullo ga 'ya'yan 'yan Pakistan a Glasgow a farkon shekarun 1960, likitoci suka gwada zuba shi cikin garin capati, suka ga yana aiki, amma gwamnati ba ta ɗauki wannan hanya ba. A 1981 sai ta fito da yaƙin wa'azi, a gaya wa iyaye su sake abinci su riƙa shan rana. A 1984 aka biyo da wani yaƙin na uwa da jariri, shi ma don mutanen Asiya. Ɗan ƙasa an gyara masa abincinsa. Baƙo an ce ya gyara halinsa.

Yadda wannan ra'ayi ya sauko har bakin gado, wata mai nazarin zaman jama'a, Isobel Bowler, ta nuna shi a 1993, bayan ta zauna cikin ɗakunan haihuwa na wani asibiti a kudancin Ingila tana kallo. Ta tarar ungozomomin sun riga sun yanke wa matan Asiya hukunci tun ba su gan su ba: wai raki gare su, ba su bin umarni, ba su da ƙaunar jariri irin ta uwa. Haɗarin wannan a fili ya ke. Ungozoma da kukan mace da yanayin fuskarta ta ke auna naƙuda, in kuwa ta riga ta ƙudurta cewa kukan na raki ne, ba za ta taso da sauri ba. Malamin da ya san kunyar haihuwar fari a ƙasar Hausa, inda yarinya ke cije baki ta ƙi ko nishi don kada a yi mata gori, zai gane ɗaya gefen haɗarin. Mai shiru sai a ce ba ta kai ba, mai kuka a ce tana ƙari.

Maganar harshe ta cancanci a daɗe a kanta kaɗan. Shekaru da yawa tafintan mace a asibitin Ingila mijinta ne, ko ɗanta ɗan makaranta, ko wata mai shara da aka kira daga baranda. Duk wanda ya taɓa fassara ya san aikin ya wuce musanyar kalmomi. Uwa ba za ta iya gaya wa ɗanta mai shekara goma irin jinin da ta gani ba, mace ba za ta kai ƙarar dukan miji ta bakin mijin ba, mijin kuma ya kan taƙaita maganar likita ya bar abin da ya ga bai dace matarsa ta ji ba. A 1980 aka fara wani gwaji a unguwar Hackney ta Landan. Aka ɗauki mata masu jin harsunan baƙin, Turkanci da harsunan Indiya, ba a ba su matsayin bakin likita ba, aka ce su tsaya wa mai cikin, su tambaya a madadinta, su yi gardama in ta kama. Binciken da Parsons da Day suka buga a 1992 ya nuna cewa a asibitin da aka yi gwajin yawan fiɗar ciro jariri ya ragu, alhali kuwa a asibitin da aka gwada da shi ƙaruwa ya yi. Duk da haka, har a rahoton Binciken Asiri na 2011, neman tafinta gwani yana cikin manyan shawarwari goma da aka bayar, shekara 31 bayan Hackney.

Amma fa harshe bai warware jerin 1996 ba. Matan Jamaika da Barbados da Turanci suka tashi. Matan Afirka ta Yamma na wancan zamani, galibi 'yan Nijeriya da Gana, ɗalibai ne ko matan ɗalibai, da yawa sun yi makarantar mishan, waɗansu ma nas-nas ne. Su ne a saman jerin mutuwa, waɗanda aka fi zargi da rashin Turanci kuwa suna ƙasa da su nesa. Wani zai ce cuta ce ta jini, kuma lalle hawan jini da jijjiga da amosanin jini sun fi yawa ga mutanen Afirka. Sai dai yawan cuta dalili ne na ƙara sa ido. Amosanin jini an san shi a littattafan likita tun 1910, amma cibiyar farko ta ba masu shi shawara a Ingila sai a 1979 aka buɗe ta a Brent, da ƙoƙarin wata nas, Elizabeth Anionwu, wadda mahaifinta ɗan Nijeriya ne. Gwajin masu ciki na ƙasa baki ɗaya kuwa sai bayan shekara ta 2000. Littattafan koyon ungozomanci sun daɗe suna koyar da cewa alamar ƙarancin jini ita ce mace ta yi fari fat, alamar ƙarancin iska ta yi shuɗi. Wadda fatarta ba ta nuna haka, sai ungozoma ta san duba cikin ido da dasashi, in an koya mata.

Ana cikin haka sai doka ta fara janye alkawarin 1948 daga kan waɗansu baƙi. Majalisa ta ba da ikon karɓar kuɗin baƙi tun 1949, amma ba a yi aiki da shi ba sai 1982. A 2004 aka sa waɗanda aka ƙi ba mafaka cikin masu biya a Ingila. Rahoton Binciken Asiri na wannan shekara, mai ƙunshe da 2000 zuwa 2002, ya ce baƙaƙen matan Afirka, har da masu neman mafaka da sababbin 'yan gudun hijira, mutuwarsu ta ninka ta fararen mata sau bakwai; na 2007 ya ce kusan sau shida. Tun shekara ta 2000 kuma a ke rarraba masu neman mafaka zuwa garuruwa dabam dabam ba da zaɓinsu ba, har a kan ɗauke mace da tsohon ciki daga hannun ungozomar da ta san ta, a kai ta inda takardunta ba su riga ta isa ba. A 2015 aka ce wadda ba ta da izinin zama, in ba daga Turai ta fito ba, za ta biya kuɗin aikin da rabinsa a kai. Ƙungiyar Maternity Action ta ƙiyasta cewa haihuwa lafiya lau ta kan kai wajen fam 7,000. Ƙa'ida ta hana a kori mai ciki don ba ta biya ba, wannan gaskiya ne, amma takardar bashi tana biyo ta gida, kuma daga 2016 bashin fam 500 da ya wuce wata biyu a kan kai sunan mai shi ga Ma'aikatar Cikin Gida, ya zama hujjar hana ta izinin zama. Macen da ta san haka ba sai an kore ta ba, da kanta za ta ƙi zuwa awo. Rahoton 2019 ya ambaci mata uku cikin waɗanda suka rasu da a ke jin tsoron kuɗi da maganar takardunsu ne ya sa suka yi nauyin ƙafa. Sikotilan da Wales kuwa ba su karɓar kuɗin waɗanda aka ƙi ba mafaka.

Hausawa kan ce baƙo raɓa ne, amma waɗannan ba su tashi da hantsi ba. A 1990 kashi 11.6 cikin 100 na jariran Ingila da Wales uwayensu baƙi ne. A 2023 sun kai kashi 31.8, Nijeriya kuwa tana cikin ƙasashe biyar na gaba. 'Ya'yan fasinjojin Windrush da jikokinsu sun haihu a asibitocin da aka haife su. Wannan ya ba da damar raba kalmomin nan biyu da aka ambata da farko. Tun 2012 Binciken Asiri ya koma hannun wata ƙungiya mai suna MBRRACE, wadda a ke tafiyarwa daga Jami'ar Oxford. Rahotonta na 2018, mai ƙunshe da 2014 zuwa 2016, ya nuna cewa cikin kowace haihuwa 100,000 a Birtaniya fararen mata 8 ke rasuwa, matan Asiya 15, baƙaƙen fata 40, watau ninki biyar. Amma da aka duba wurin haihuwa, sai aka ga wajen kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu ne baƙi, wanda bai wuce rabonsu cikin masu haihuwa ba. In an haɗa baƙi duka, da 'yar Folan da 'yar Jamus da 'yar Nijeriya, ratar ta kan ɓace. In an ware su ƙasa ƙasa, sunan Nijeriya ya yi ta fitowa cikin masu yawan haɗari. Ashe baƙunta ita kaɗai ba ta kisa. Tana kisa ne inda ta gamu da launin fata, ko rashin tafinta, ko rashin takarda, launin fatar kuwa yana bin mace ko da a Landan aka yanke mata cibiya.

Adadin nan na ninki biyar ya fita daga ɗakunan likitoci ya shiga jaridu. A 2019 waɗansu baƙaƙen mata suka kafa ƙungiya suka sa mata suna da shi, a 2023 kuma wani kwamitin Majalisar Wakilai ya zargi gwamnati da sakaci kan al'amarin. A lissafin 2019 zuwa 2021 ratar ta koma kusan ninki huɗu, a na 2020 zuwa 2022 kusan ninki uku. Sai dai mai karanta jadawalin ya duba layi biyun duka kafin ya yi murna, domin wani sashe na raguwar nan ya samu ne sabo da mutuwar fararen mata ta ƙaru a waɗannan shekaru, daga 8 ta haura 12 cikin 100,000.